Irin Albasar Kawu Kamarad

Ku da kuka san Kawu Hamidu na Garou, wan mahaifiyata, kun san tun da sojoji suka ce an yi juyin juya hali, kowa ya zama kamarad, bai ƙara kiran kowa da sunansa ba. Liman kamarad, surukarsa kamarad, har jakinsa. Wani jandarma ya tare shi a kasuwar Malanville ya ce wannan raini ne.

"Wane raini?" in ji Kawu. "Ni da jakin ga duk ɗaya muke. Mu yi aiki, wani shi ci."

Sai aka turo mana wani delege, wakilin gwamnati, daga kudu, mai tattausan hannu, a kan babur. Ya ce daga yau babu nawa babu naka, komai na jama'a ne. Washegari Kawu ya je ƙofarsa da sabuwar riga.

"Kamarad, miƙo makulli. Yau ni ad da babur ɗin jama'a, Madécali za ni."

Kwana biyu Kawu ya yi a kulle, ya fito yana yaba adalci: sauron wurin bai bambanta kowa ba.

Abin da ya tayar masa da hankali da gaske shi ne irin albasarsa, wanda ya gada daga kakanmu, yake tsince shi kamar mai tsintar shinkafar biki. Delege ya ce kowa ya kawo irinsa a zuba a buhu ɗaya, a yi lambun gayya. Kawu ya riga kowa zuwa da gora cike. Delege ya zuba a tafinsa, ya yi jawabi a kan sadaukarwa, ya sa aka tafa masa. Garin gawayi ne Kawu ya tankaɗe, baƙi ƙirin kamar irin. Kowa a wurin ya gane, kowa ya tafa, don abin da sauran suka kawo ma tsohon iri ne da ya mutu.

Lambun gayya ko tsinke bai fitar ba. Delege ya hau babur ɗin jama'a ya tafi, ya bar mu da shekara babu albasa. Ni lokacin mijina bai daɗe da rasuwa ba, ga 'ya'ya uku, tsoro ya kama ni sosai.

Sai ga Kawu gida-gida da goran irin gaskiya, yana rabawa. Ƙaninsa Idi, sarkin zaman inuwa, ya samu ɗan tsunkule. Ni aka cika mini tafi biyu.

"Yaya, ina daidai ɗin?" in ji Idi.

"Tahi kudu ka tambayo delege. Ita na gan ta bakin ruwa tun asuba."

Da wannan irin na raini 'ya'yana, shi nake shukawa har yau. Allah ka jiƙan Kawu. In an zo rabo a can, kada ka yi masa daidai da aikinsa, ka cika masa tafi biyu.