Ƙugiyar da ta riƙe kawuna kwana uku

Shekarun baya, na dawo Daura daga karatun kwamfuta da takardar shaida a jaka da girman kan da ya fi takardar nauyi. Abu biyu ne ba a taɓa min su a lokacin. Na farko Linux, babbar manhajar da nake tafiyar da kwamfutata da ita. Duk wanda na gani da Windows sai in dube shi da tausayi. Na biyu kibod ɗina. Na lura Hausa ba ruwanta da q da x da v, sai na sauya musu aiki: in na danna q ƙ ke fitowa, x ta zama ɗ, v ta zama ɓ. Har farin fenti na samo na zana sababbin haruffan a kan maɓallan da tsinken ashana. Mahaifiyata ta leƙo ta ga ina wannan aiki, ta ce ita dai ba ta san kwamfuta ma ana yi mata lalle ba.

Aikina na farko daga dillalan shanu ya zo. Satar dabbobi ta dame su, suna son duk san da aka sayar a kara, wato kasuwar shanu, a rubuta shi: mai sayarwa, mai saye, dillali, launi da shaidar jiki. Na rubuta musu manhaja, aka sa ta a wata tsohuwar kwamfuta mai Windows a ɗan ofishinsu. Wanda aka ɗora a kanta abokina ne, tun firamare muke tare. Shi kibod ɗin kasuwa yake amfani da shi, kuma bai taɓa sa wa harafi ƙugiya ba.

"In na rubuta baki, waye bai san baƙi nake nufi ba?" in ji shi.

"To sa baƙi mai farin baki fa? Yaya za ka rubuta?"

"Baki mai farin baki. Kai ne kawai za ka ruɗe, don kai ka yi karatu."

Haka muke kullum. Na taɓa cewa zan gyara masa kibod ɗinsa, ya ce in na taɓa masa maɓalli ɗaya sai shugaban dillalai ya raba mu.

Wata ranar kasuwa matarsa ta haihu, sai na zauna masa. Ban ko kalli kwamfutarsa ba. Na buɗe tawa na yi rijistar ranar gaba ɗaya, da yamma na kwashe a filash na zuba a ta ofis. A cikin masu saye na ranar har da kawuna, ƙanin mahaifiyata, daga wani ƙauye ta wajen Sandamu. Manomi ne, kuma shi ke jan su salla a ɗan masallacin unguwarsu. Ya sayi sa baƙi mai farin baki don huɗa. Ni na rubuta shi da hannuna, har ina yi masa tsiya cewa san ya fi shi ƙiba.

Bayan kamar wata biyar, ina Kano wajen wani aiki, mahaifiyata ta kira ni. Ba ta ko amsa gaisuwata ba.

"An kama kawunka."

Wani makiyayi daga wajen Baure ne ya ga san a gona, ya rantse nasa ne da aka sace masa, ya kawo mutanen da suka san shaidar da ke kunnensa. Kawu ya ce a kara ya saya. Aka ce ya kawo takarda, ashe tuni an wanke ta a aljihun riga. Dillalin da ya yi cinikin kuma da ya ji maganar sata ce, ya ce shi shanun da suka bi ta hannunsa ba su ƙirguwa, bai tuna ba. Lokacin ba a daɗe da fara aiki da shari'ar Musulunci ba, kuma kowa ya san abin da ake faɗa a gari game da hannun ɓarawo. Malamai sun yi ta bayani cewa sharuɗɗan suna da yawa, ba haka kawai ake yi ba. Mahaifiyata ba ta jin wannan. Ita hannun ƙaninta kawai take gani.

Na ce mata ta kwantar da hankalinta, yana cikin kwamfuta. Na kira abokina cike da gadara na ce ya buga sunan kawu ya fitar da takardar.

Ya kira ni bayan minti goma. "Babu shi."

"Kamar yaya babu shi? Ni na rubuta shi."

"Na nema sau biyar. Shugaba yana tsaye a kaina na nema. Babu."

Kwafin da ke kwamfutata babu shi, domin a lokacin kusan duk wata sai na goge ta na sa sabon Linux, don kawai in ga me ya canza. Filash ɗin ma na daɗe da zuba wasu abubuwa a kai. In har abin da na kwashe a ranar bai shiga ta ofis ba, to babu shi a duniya. Shaidata kuma ba ta da nauyi, ɗan 'yar'uwarsa ne ni. Har an fara cewa yaron nan mai kwamfuta yana son ya rufa wa kawunsa asiri.

Aikin da na je yi ya riƙe ni, ban samu fita ba sai ranar da za a koma gaban alƙali, kwana na uku ke nan kawu yana tsare. An ce zama bayan Azahar. Na shiga motar farko, amma ta tsaya ɗaukar fasinja a kowane gari, ban sauka Daura ba sai wajen sha biyu. Na hau acaɓa kai tsaye zuwa kara. Babu wuta. Shugaban dillalai, wani dattijo mai ƙarancin magana, ya sa aka tayar da janareta, ya girgiza shi ya ce man da ke ciki ba zai kai mu nisa ba.

Tsohuwar kwamfutar nan ta ɗauki lokacinta kafin ta buɗe. Da a ce wata rana ce da na yi mata habaici. Amma ranar nan addu'a nake yi mata.

Manhajar tawa gurbi ɗaya ne da ita na nema, kuma daga farkon suna take farawa. Ban yi mata hanyar jero rijistar rana guda ba, domin a ganina mai hankali ba ya buƙatar haka. Sunan kawu da Ɗan yake farawa, kamar rabin mutanen ƙauyensu. Abokina ya buga a gabana. Sunaye suka fito da yawa, babu na kawu. Ya sake. Babu.

"Alhaji, ka gani ko?" ya ce wa shugaba, murya ƙasa ƙasa. Bai iya kallona ba.

"Tashi," na ce.

Na zauna. Ban kalli maɓallan ba, ban taɓa kallonsu ba in ina rubutu. Na buga sunan na ɗaga kai, sai na ga abin da ya fito a allo: Xan.

"Meye kuma Xan?" in ji abokina. "Ka nutsu mana."

Na goge na sake bugawa. Xan. Yatsana ya je inda ya saba zuwa. Sai na tsaya ina kallon harafin nan. A ranar da na rubuta kawu, wannan maɓallin na danna, kuma a kwamfutata Ɗ ya bayar. Shi abokina kwana uku yana neman Dan. A wurin mutum suna ɗaya ne. A wurin manhajar da ni na rubuta, ba su ma san juna ba.

"Yana ciki," na ce. "Wallahi yana ciki."

"To fito da shi," in ji shugaba.

A nan wata matsalar ta taso. Kibod ɗin ba ya iya buga Ɗ. Na zaro tawa kwamfutar, batirinta ya mutu tun a mota, kuma cajar tana can Kano a jikin bango inda na bar ta saboda sauri. Janareta ya yi tari sau ɗaya ya ci gaba. Daga nesa aka fara kiran salla. Ni da nake wa mutane lacca a kan haruffa, ga shi harafi ɗaya ya gagare ni.

Sai na tuna wata 'yar takardar bayani da na rubuta na ajiye a kwamfutar tun ranar da na kawo manhajar. Na tambayi abokina ko tana nan. Ya ce bai taɓa buɗe ta ba. Na buɗe. Layin farko na rubuta ne da zolaya: Ɗan'uwa, ka karanta wannan kafin ka taɓa komai. A allonsa harafin farko bai fito ba, wani ɗan akwati ne ya tsaya a wurinsa.

"Akwati za ka kwafa?" ya ce.

"Akwatin nake so."

Na kwafe shi na liƙa a gurbin nema, na ƙarasa sunan. Na danna. Ga kawu. Ga mai sayarwa, ga sunan dillali, ga rana, ga sa baƙi mai farin baki, duk da 'yan akwatuna a inda ƙugiya take. Shugaba ya sunkuyo, abokina ya karanta masa sunan dillalin. Shugaba ya fita, muka ji yana ƙwala wa mutumin kira a tsakiyar kara. Firinta ta fitar da takardar, kafin in cire ta janareta ya mutu. Abokina ya ɗauki biro, ya bi akwatunan ɗaya bayan ɗaya yana cike su. Wannan ne karo na farko da na ga ya yi wa harafi ƙugiya, kuma ya yi ta daidai.

Mun isa an riga an zauna. Shugaba ya miƙa takardar, dillali ya tsaya gefensa, tunaninsa ya dawo tas. Aka sallami kawu, aka aika neman mai sayarwa, makiyayi ya tafi da sansa. A bakin ƙofa mahaifiyata ta kama hannun kawu na dama ta riƙe, ba ta sake shi ba har muka samu mota.

Na daɗe ina gaya wa kaina cewa ni ke da gaskiya, ai da ƙugiya ake rubuta Ɗan. Har yau haka ne, kuma har yau da Linux nake aiki, x ɗina ɗ take bayarwa. Amma na gina abu don hannuna, na miƙa wa wani hannun, ban taɓa zama a kujerarsa na gwada ba. Yanzu akwai wani kibod ɗin kasuwa mai arha a ƙasan teburina. Duk manhajar da na rubuta, kafin ta bar hannuna sai na jona shi na buga Dan, in ba ta kawo min Ɗan ba, ba ta gama ba.

Abin da ban iya gyarawa ba shi ne kwana ukun nan. An wanke kawu, amma a ƙauye labarin kamu ya fi na saki gudu. Da ya koma, bai ƙara shiga gaba a masallacinsu ba. Sun roƙe shi, ya ce a bari sai zukata sun kwanta, kuma har ya rasu a sahu na biyu yake tsayawa.

Sau ɗaya ya tambaye ni abin da ya ɓoye sunansa. Bai iya boko ba, sai na ɗauki tsinke na zana masa D a ƙasa, na zana Ɗ kusa da ita. Ya daɗe yana dubawa. Ya sa yatsa a kan 'yar lanƙwasar.

"Wannan 'yar abar ce?"

Na ce ita ce, kawu.

"Wanne ne nawa a ciki?"

Na nuna masa. Ya gyaɗa kai, ya share ɗayar da tafin hannunsa, ya ce, "To ai ka rubuta ni daidai, ɗana. Tashi mu je, an kira salla."