Talatar da Firjinmu Ya Mutu

Har na bar aiki ban manta da wata Talata ta watan Fabrairu ba, can wajen ƙarshen shekarun tamanin, lokacin ina ƙaramar ma'aikaciyar lafiya a wani asibitin shan magani cikin birnin Zariya, kusa da Ƙofar Kuyambana. Ku da kuka shigo aiki yanzu kun tarar da firji mai aiki da hasken rana, ga waya a aljihun kowa. Mu ba mu da ko ɗaya, shi ya sa nake son ku ji yadda ranar ta kasance.

Mu uku ne a asibitin. Malam Sambo shi ne shugaba, yana mataki na takwas. Ni ina mataki na huɗu, shekarata biyu da fitowa daga makarantar koyon aikin lafiya. Sai maigadi, Baba Agali, wani dattijon Buzu da ya baro duwatsun Azbin tun lokacin fari ya zauna a Zariya. Akwai kuma Gwaggo Hajara, ungozomar unguwa. Ita ba ma'aikaciya ba ce, sunanta ba ya cikin takardar gwamnati ko ɗaya, amma kusan duk yaron da ke wasa a lungunan nan ita ta yanke masa cibi.

Aikina shi ne rigakafi. Ga wanda bai sani ba, allurar rigakafi ba ta son zafi. Tun daga inda aka yi ta har ta shiga jikin yaro dole ta zauna cikin sanyi, tsakanin biyu da takwas a ma'aunin zafi. In ta yi ɗumi ba ta canja kala, ba ta wari, amma ta tashi daga aiki. Sai ka yi wa yaro, uwa ta koma gida hankalinta kwance, ƙyanda ta zo ta kama shi. Firjinmu na kananzir ne, yana da lagwani kamar fitila, da ɗan gilashi da ke kare wutar a ƙasansa. Safe da yamma nakan duba ma'aunin in rubuta a takardar da ke manne a ƙofarsa. Sau ɗaya a wata muke karɓo allurai daga babban sito ranar Litinin, mu yi wa yara ranar Alhamis da safe.

A wannan shekarar zafi bai jira lokacinsa ba. Mun saba sai an shiga Maris sosai ake fara kuka da rana, amma tun makon farko na Fabrairu mutane suka naɗe barguna suka koma kwana a tsakar gida. Kafin ƙarfe goma ba ka iya taka ƙasa ba takalmi. Taransfomar unguwar ta ƙone, kwana uku babu wuta. Na tuna na tarar da Baba Agali yana yayyafa ruwa a bakin ƙofa, na ce masa, “Baba, kai ma ka ji jiki?” Ya ce, “Malama, wannan ba zafin Zazzau ba ne. Irin na ƙasarmu ne, wanda dutse ke sha da rana ya hura maka har gari ya waye. Ba zai sassauta da wuri ba.”

Ranar Talatar na iso ƙarfe bakwai da rabi. Ina buɗe ɗakin firji na ji warin hayaƙi. Na durƙusa na leƙa, wuta ta mutu, gilashin ya tsage gida biyu. Ma'auni yana kan takwas daidai. A ciki akwai alluran wata guda da muka karɓo jiya: ta ƙyanda, ta tarin fuka, ta tari da sarƙewar haƙora, da ɗigon shan inna. Allah ya taimake ni ƙanƙarar roba da ke saman firjin ba ta narke ba. Na jera ta cikin kular da muke fita ƙauye da ita, na zuba kwalaben, na sa ma'aunin a ciki, na rufe.

Da Malam Sambo ya zo ya gwada kunna lagwanin ba gilashi, wutar ta riƙa hayaƙi tana mutuwa. Ya hau babur ya tafi babban sito neman wani gilashin, ko kuma a ba mu wuri a firjinsu. Ƙarfe goma ya dawo, rigarsa ta manne a bayansa. Sito a rufe, mai makulli ya bi mota ƙauye, sai gobe. Gidajen da muka san suna da firji duk babu wuta.

Ya tambaye ni, “Rabi, ƙanƙarar nan za ta kai yaushe?”

Na ce, “Da lokacin sanyi ne, ranka ya daɗe, za ta kai gobe. A wannan zafin, in ta kai la'asar mun gode Allah.”

Abin da ke raina ba alluran kawai ba ne. Wata shida muka yi muna bin gidaje ni da Gwaggo kafin magidanta su yarda matansu su kawo yara. In aka zo Alhamis muka ce babu, da wuya su sake fitowa, ga lokacin ƙyanda ya kawo kai. Sai na ji bakina ya ce, “Ranka ya daɗe, me zai hana mu yi yau?”

Ya ce, “Kin san doka. Ba a canja ranar rigakafi ko wurinta sai da rubutaccen izini daga ofis. Kafin takarda ta je ta dawo an yi kwana biyu.” Ya ɗauki hularsa yana fifita da ita, ya daɗe yana kallon kular. Can ya ce, “Kira mini Gwaggo. In an tambaya, ni na ba da umarni.”

Gwaggo Hajara a lokacin ta haura saba'in. Ta saurare mu, sannan ta kawo matsala biyu da ba mu yi tunaninsu ba. Ta ce, “Ɗakin nan naku rufin kwano ne. Ku tara jarirai a ciki da tsakar rana, sai ku yi musu illa maimakon magani. Kuma mazan nan Alhamis suka ba da izini, yanzu duk suna kasuwa. Wace mace ce za ta fito?” Ta gyara mayafinta ta ce, “Taso mu je wajen Malam.”

Malam Tanimu shi ne limamin ƙaramin masallacin unguwar. Yana da wani tsohon zaure na ƙasa mai kaurin bango da rufin azara, inda yake ba da karatu. Kana shiga sai ka ji kamar an zuba maka ruwa a ka. Muka durƙusa muka gaishe shi, na ce, “Allah ya gafarta Malam,” na yi bayani ina tsoron kada ya ga rashin kunyata. Ya tambaye ni abu ɗaya: “In ta yi ɗumi, ba za ki yi wa yaran mutane ita haka nan ba?” Na ce ba zan yi ba, zubarwa zan yi. Ya rufe littafin da ke gabansa ya sallami masu ɗaukar karatu. Ya ce wa Gwaggo, “Duk wadda mijinta ba ya nan, ki ce ni na ce ta fito. Ni zan yi wa mazan bayani in an idar da azahar.”

Kafin sha biyu mun kwaso tebur da risho da tukunyar dafa allurai, don a lokacin sirinjin gilashi muke amfani da shi, sai an tafasa. Baba Agali ya ce a bar masa kular. Ya tona ɗan rami a cikin yashin da ke gindin randar Malam, ya zaunar da ita, ya lulluɓe ta da buhun algarara jiƙaƙƙe, ya zauna a gefe yana fifita. Ya ce haka suke yi wa salkar ruwa a hanyar raƙuma. Ya kafa mini doka: kada in buɗe sai yara goma sun taru, in ɗauki abin da nake so in rufe nan take. Na yi karatun wannan a makaranta, amma ranar shi ya tsare ni a kai. Duk bayan ɗan lokaci sai ya tashi ya sake jiƙa buhun.

Gwaggo kuwa ta shiga lungu. Ba ta da takarda, a kanta take riƙe da kowane gida mai jariri, da watannin kowane yaro. Mata suka fara zuwa bibbiyu, uku-uku, sun rufa wa goyonsu zane. Iyalan Malam suka shimfiɗa tabarmi a soron ciki, suka riƙa miƙo ruwan randa da kunun tsamiya. Malam Sambo, da duk matakinsa, ya zauna yana rubuta kati yana auna yara, ni ina allura. Bayan azahar sai ga maza da kansu suna rako matansu har bakin zaure. Wani tela da ya taɓa korata daga ƙofar gidansa ya zo da tagwayensa, ɗaya a kowace kafaɗa, na yi musu allurar.

Wajen ƙarfe uku wata mata ta shigo da sauri ta ce Gwaggo ta faɗi a bakin rijiya. Aka ɗauko ta. Jikinta zafi rau, leɓenta ya bushe, idonta a lumshe. Na ga laifina ne, don ni na sa tsohuwa yawo cikin wannan rana. Muka kwantar da ita a inda ya fi sanyi, muka jiƙa zanenta, mata biyu suna fifita. Malam Sambo ya haɗa ruwan gishiri da sukari. Da ta fara motsi na ɗago kanta ina ba ta da cokali. Ta sha, ta sha, ta buɗe ido ta dube ni.

Na ce, “Gwaggo, ki yafe mini.”

Ta ce, “Bar wannan, 'yar nan. Saura gida uku. Gidan mai dawaki na bayan masallaci, gidan Sarkin Aska, da na Lami mai ƙosai. Ɗan Lami jiya ya cika wata tara.”

Wata tara shi ne lokacin allurar ƙyanda. Baba Agali ya sa hannu cikin kular ya taɓa ƙanƙarar, ya ce ta yi laushi amma tsakiyarta na nan. Na duba ma'auni, bakwai. Malam Sambo ya ce in je, shi zai kula da Gwaggo. Na ɗauki kwalbar allurar ƙyanda ta ƙarshe a ƙaramar kula, ɗaya daga cikin matan Malam ta sa hijabi ta raka ni. Mun samu gida biyu. A gidan mai dawaki aka ce uwar ta tafi suna Tudun Wada da yaron, sai watan da ya biyo baya na yi masa. Ɗan Lami yana barci a bayanta tana jiƙa wake. Ta kwance shi, na yi masa, ya tsala kuka, ta ce in tsaya in sha ruwa.

Da aka kira la'asar ma'auni ya wuce takwas. Abin da ya rage, kwalaben ɗigon shan inna huɗu da na tarin fuka biyu, na rubuta lambarsu na ware su don zubarwa, Malam Sambo ya sa hannu. Gwaggo ta kwana biyu a kwance. Rana ta uku aka zo kiranta wajen haihuwa, ta tafi.

Bayan mako guda takardar tuhuma ta zo daga ofis: a yi bayani cikin kwana biyu dalilin da ya sa aka canja rana da wuri ba izini. Na ce wa Malam Sambo ya sa sunana, tunda ni na kawo shawarar. Ya ce, “Ke kina farkon aiki, tabo a fayil ɗinki zai bi ki shekara talatin. Ni na kusa ajiye aiki.” Ya rubuta amsa shafi ɗaya, ya ɗauki laifin shi kaɗai. An yi masa gargaɗi a rubuce. A cikin motar da ta kawo gargaɗin aka aiko mana da gilashin firji guda biyu.

Ba zan ce muku ku riƙa karya doka ba. Dokar sanyi ce ma ta sa muka yi abin da muka yi, kuma ita ta sa na zubar da sauran kwalaben. Abin da na koya shi ne, takardar shaidarmu tana koya mana allura, amma ba ta fito da mace daga gidan mijinta da tsakar rana, ba ta buɗe zauren kowa. Mutanen unguwa ke yin wannan, kuma sai in sun san ka tun kafin ranar da za ka buƙace su. Daga wannan shekarar, duk asibitin da aka kai ni, makon farko ba na zama a ofis. Ina zuwa in gaishe da liman, in nemi ungozoma in zauna a tabarmarta, in tambayi maigadi sunansa da garinsu.

Malam Sambo, Malam Tanimu, Baba Agali da Gwaggo Hajara duk sun riga mu gidan gaskiya. Ba wanda ya ba su lambar yabo. Ni dai ina ambaton su huɗun da sunansu a addu'ata, kuma ina roƙon ku ce musu Allah ya jiƙansu.