Motar Bappa Sahabi

A gidanmu na Rimawa, in an sallaci isha'i lokacin sanyi, Inna Kulu, kakarmu ta wajen uba, takan hura wuta da karan dawa a ƙofar ɗakinta, ta binne dankali cikin toka, mu kewaye ta. Ba ta fara tatsuniya sai kowa ya naɗe ƙafa ya yi shiru. Sannan ta ce ga ta nan tafe, mai so ya tarbe ta, mu ce mun tarba. Yawanci labarin kura ne da dila, mu yi ta dariya har dankali ya ƙone.

Wata rana tana shirin farawa sai wata mota ta wuce a hanyar Goronyo tana ruri kamar za ta tsaga ƙasa. Yayyena maza suka miƙe suna yaba ta. Babban ya ce wannan an yanke mata salansa, kuma in ya girma irin ta zai saya. Inna ta daɗe tana juya toka da kara. Da ta buɗe baki ba kura ta kira ba, sunan Bappa Sahabi ta kira.

Bappa Sahabi ƙanen mahaifinmu ne, danga ɗaya ce tsakanin ɗakinsa da na Inna. Mun taso mun gan shi mutum mai shiru, daga fadama sai masallaci, ko kasuwa za shi a jaki yake zuwa. Ba mu taɓa sanin ya riƙe sitiyari ba.

Ta ce da ƙuruciyarsa yana da a-kori-kura, yana kai albasa Sakkwato. Mai hannu ne, ba ya kai mota gareji, shi ke kwance abinsa a gindin darbejiya. Ya ga motar ba ta ja in ta ɗauki kaya, sai ya cire abin da ke tace iska kafin ta shiga inji, ya taɓa kafireta, ya yanke salansa ya bar guntun bututu a ƙarƙashin mazaunin direba. Motar kuwa ta ƙara gudu. Tun daga nesa ake jin tafiyarsa, manoma na rububin ba shi kaya don shi ke riga kowa isa kasuwa. Abin da bai kula ba, ƙasan motar tsatsa ta ci shi, duk huji ne. Shi kullum gilashi a buɗe yake tafiya, don haka bai taɓa jin komai ba.

Da damina zazzaɓi ya kama ɗiyarsa Nana, ba a ma yaye ta ba. Ya ɗauki matarsa da yarinyar da Inna za su asibitin Wurno. Suna fita ruwa ya tsuge, ya ɗaga gilashi gaba ɗaya don kada sanyi ya taɓa ta. Hanya ta yi laka, tafiya ta yi tsawo. Inna ta ce kanta ya fara sarawa, barci na fizgar ta, uwar yarinya ta yi amai, duk suka ɗauka wahalar hanya ce. Nana da ke ta kuka ta yi shiru.

"Ni ar riƙe da ita," in ji Inna. "Nic ce Alhamdulillahi, ta samu kwana. Shi ko Sahabi ya juyo ya yi murmushi."

Da suka isa, likita ya duba Nana, ya tarar ta riga ta cika, ya dubi idanun manyan, ya tambayi wace irin mota suka shigo. Ya ce hayaƙin inji ne ya taru musu a ciki, babba kan jure, jinjiri mai zazzaɓi ba ya jurewa. Bappa ya bar motar nan bakin asibiti, wani ne ya je ya ɗauko ta daga baya.

Ɗaya daga cikinmu ya tambaya ko ke nan Bappa ne ya kashe ta. Inna ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba.

"Mi kac ce? Kwananta ne ya ƙare. Gilas ɗin nan don yana son ta ya rufe shi. Ban ga uban da ya so ɗiyatai awa Sahabi ba."

Na daɗe ina ɗaukar labarin a matsayin gargaɗi, kuma gargaɗin ya kama mu, don yayana da ya zama direba bai taɓa barin a yanke masa salansa ba. Sai ranar da Inna ta rasu, muna zaune wajen karɓar gaisuwa, Bappa, ya tsufa sosai lokacin, ya ce mini yana bayan danga a daren da Inna ta ba mu labarin, ya ji komai. Ya ce tun ranar Wurno shi da mahaifiyarsa ba su taɓa tada zancen ba, kunya ta hana ta, tsoro ya hana shi, shekara da shekaru bai san yadda take kallonsa ba.

A nan na gane mu yara hanya kawai muka zama. Inna ta rasa yadda za ta dubi ɗanta ta faɗa masa ba ta riƙe shi da laifi ba, sai ta tara jikokinta ta faɗa musu da ƙarfi. Bappa ya ce washegari ya shiga gaishe ta kamar kullum, ta miƙo masa kunu, ya zauna a ɗakinta ya sha, abin da ya daina yi tun rasuwar Nana.