Kasuwa bakwai a bayan jaki

Zamanin Turawa, lokacin da babbar mota ba ta fi a ƙirga da yatsu ba a hanyar Wurno zuwa Goronyo, ni direba ne, kuma kaina ya fi motar girma. A bariki na koyi shan burkutu. Wata safiya ta ranar kasuwa na kurɓa fiye da ƙima, na hau sitiyari, na banke jakin wani dattijo mutumin Boyekai. Jakin bai tashi ba. Shi dattijon, Allah ne ya sa ya faɗa cikin gona.

Alƙali ya yanke mini bulala tamanin ta shan giya. Mai bulalar ya maƙale ƙwayar wuri, irin kuɗin da, a hammatarsa don kada hannunsa ya ɗaga, saboda haka fatata ba ta ji komai ba. Kunya ce ta kusa kashe ni, ga kawuna, ƙanin mahaifiyata, a cikin masu kallo. Aka sa na maye wa dattijo jakinsa. Sannan alƙali ya riƙe lasin ɗina, wanda da shi nake ci da iyali.

"Ka iya mota, ba ka san hanya ba," in ji shi. "Kasuwa bakwai za ka bi dattijon ga da ƙafa. In yac ce ka koya, in ba ka takardarka."

Na ji haushi ƙwarai. Ni da ake yi wa kirari a tasha, ga ni bayan jaki da buhun albasa!

Dattijo bai taɓa yi mini wa'azi ba. A kasuwa ta biyu wata mota ta taho a guje, ƙasa na rawa, jaki ya firgice, ni kuwa na tsinci kaina cikin ƙaya. Yana cire mini ƙayar ya ce, "Ɗana, mi kag gani?"

"Baba, direban ko kallonmu bai yi ba."

"Haka kay yi muna."

Daga nan na fara lura. Na ga inda mata ke tsallakawa da tuluna, da kwanar da shanu ke ɓullowa, da makahon da ke bin gefen hanya da kunne kawai. Shekara huɗu ina wuce su ban san da su ba. Burkutu kuwa, ko warinta na daina so.

Ranar da muka koma gaban alƙali ban sa ran samun lasin ɗina ba, don dattijo bai taɓa yabona ba. Alƙali ya tambaye shi ko na koya.

"Allah shi gafarta Malam, ni ban san takarda ba," ya ce. "Amma jikata na zazzaɓi, za a kai ta asibiti Sakkwato. Shi nika so shi ɗauke mu."

Alƙali ya miƙo mini lasin ɗina. Washegari na zaunar da su a gaban mota, yarinyar ta yi barci a kafaɗarsa tun kafin mu kai Wurno.