Muryar Ihsan, Maƙogwaron Muslim

Idan ka bi ta bakin wata makarantar firamare da ke bayan kasuwar Azare wajen ƙarfe ɗaya da rabi, za ka ga wani gajeren mutum yana tura babur har sai ya fita daga harabar kafin ya tayar, don kada ƙarar ta dami 'yan ajin da ba su tashi ba. Malam Muslim ke nan, malamin lissafi na aji huɗu. Ba za ka sake kallonsa ba, kuma ban ga laifinka ba. Shekara goma sha ɗaya ke nan garin nan yake sauraronsa, a shagon aski, a gidan biki, a cikin keke napep, amma waɗanda suka san shi suke ji ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Ni ina cikinsu, domin da hannuna aka yi ɓarnar. Sunana Najmuddeen, ni ke da ɗan situdiyon ɗaukar waƙa da ke hanyar tasha.

Iyayen Muslim mutanen Gashuwa ne. Mahaifinsa ya zo Azare da sana'ar hula tun kafin a haife shi, ya zauna, har ya shiga sahun dattawan da ladan yake leƙawa ya ga sun iso kafin ya tayar da iƙama. Mahaifiyarsa, Ya Gana, ba ta iya aiki bakinta a rufe ba, ko wanki take ko tankaɗe sai ka ji tana rerawa, kuma a wurinta ya tsotso. Sai dai gidansu ba gidan da namiji zai buɗe baki da waƙa ba ne, in ba ƙasida ba ranar Maulidi. Haka ya tashi yana waƙarsa ƙasa-ƙasa, kamar mai cin abinci a ɓoye da rana a watan azumi.

A kwaleji muka haɗu, shekarar 2013. Ƙungiyar ɗaliban Hausa ta sa gasa, kowane rukuni ya kawo waƙa ɗaya da bidiyonta. Rukuninmu mu huɗu ne. Ni ke riƙe da kwamfuta. Muslim ya rubuta waƙar, ya sa mata suna Hanyar Chinade. Wata 'yar ajinmu, Mairo, ita za ta rera baitocin mace. Shugabanmu kuwa, mai baitocin namiji, Bahauddeen ne, Baha, dogo, mai kyau kamar shi ya yi kansa, wanda ya kalli bidiyon mawaƙan Kano da na Legas har suka hau masa kai. Kullum maganarsa ɗaya ce: "Mutane da ido suke jin waƙa." Shi ya raɗa mana suna Zaratan Katagum.

Saura kwana uku a miƙa aiki, yayan Mairo ya zo ɗakin da muke ɗauka. Ko sallama bai yi ba. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce ta ɗauki jakarta, ta ɗauka, kuma daga ranar ko a aji ba ta ƙara yi mana magana ba.

To, Muslim ya riga ya rera baitocin macen da muryarsa, don Mairo ta ji ta koya. A kwamfutar akwai inda ake jan murya sama ta sirance. Ni da neman a yi dariya a huce, na ja muryar Muslim na kunna. Sai ga wata mace ta cika ɗakin:

*In ka taso daga Chinade,
Bar tsaraba, kai nake jira.*

Babu wanda ya yi dariya.

Baha ya ce, "Wace ce wannan?"

Na ce, "Ga ta nan zaune tana ɓare gyaɗa."

Muslim ya miƙe, gyaɗar ta zube. "Najmu, goge shi. Don girman Allah goge shi."

Baha ya dafa kafaɗarsa ya zaunar da shi. "Haba mutumina, na kwana ɗaya ne fa. A yi gasa a gama, wa zai sani?"

Da na goge a lokacin, da yau ba ni da labarin ba ku. Ban goge ba.

Saura fuska. Baha ya samo wata ɗaliba mai suna Jamila, ta yarda ta yi mamin, wato ta riƙa motsa baki a kan muryar da aka riga aka ɗauka. Sharaɗinta biyu: mayafi ya rufe rabin fuskarta, kuma kada sunanta ya fito. Shi ya sa Baha ya rubuta Ihsan a kan bidiyon, sunan da ya faɗo masa kawai. Muka yi ɗauka a wani lambun mangwaro cikin zafin Afrilu, sanye da kwat ɗin gwanjo iri ɗaya da baƙin tabarau, gumi har cikin takalmi. Motar da muka aro ta ƙi tashi, sai turawa muke a ɗauka tana gangarawa. Muslim kuwa Baha ya dube shi sama da ƙasa ya ce tsayinsa yana ɓata layi. Aka mai da shi baya, aka ce ya riƙa tafi. In ka kalli bidiyon za ka gan shi sau biyu, rabin kansa a bayan kafaɗar Baha.

Mun zo na biyu a gasar, amma wa ya tuna da wanda ya zo na ɗaya? Kafin sati uku masu tura waƙoƙi a waya da ke bakin kasuwa sun raba Hanyar Chinade har Gamawa da Dambam. 'Yan acaɓan Chinade suka mai da ita tasu. Jamila ta gama karatu ta yi aure a can wajen Jos, ta tafi da rabin fuskarta. Baha ya zama tauraro, ana gayyatarsa taro yana motsa baki da ɗaga hannu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar yabo.

Za ka ce, to me ya hana Muslim fitowa ya ce shi ne? Kai ma ka sani. Namijin da aka ji muryar mace ta fito daga bakinsa, sunansa ɗaya a garin nan, ɗan daudu, kuma ba wanda zai tsaya sauraron bayanin kwamfuta. Ka tuna mahaifinsa a sahun gaba. Ka tuna yara arba'in da suke tashi tsaye in ya shigo aji. Kwana ɗaya ya ishe su su raɗa masa sunan da zai bi shi har kabari.

Ihsan kuwa ta ƙi mutuwa. Da na buɗe situdiyo, duk amaryar da za a yi wa waƙar biki sai ta ce ita dai Ihsan. Muslim yakan zo bayan an tashi makaranta, mu kulle ƙofa, ya rera, in ja muryar sama. Masu neman aurenta ma ba su bar mu mun huta ba. Wani Alhaji mai shanu daga Udubo ya aiko da ƙwaryar man shanu har sau uku, da saƙon cewa shi ko bazawara ce yana so. Muslim ya kai wa Ya Gana man, ya ce wani uban ɗalibi ne ya ba shi. Mun yi dariya ranar har da hawaye, amma tasa dariyar ta riga tawa tsayawa.

Ya gwada fita. Ya yi waƙoƙi shida da muryarsa ta gaskiya, da sunansa a kai, kuma wallahi sun fi Hanyar Chinade tsari. Muka kai wa masu tura waƙa. Babbansu ya saurari rabin ta farko ya cire abin kunne. "Malam, ba laifi. Amma wacce ce Ihsan take ciki?" Suna nan a kwamfutata har yau, ni kaɗai nake jin su.

Daga nan ya ce mu aurar da ita. Muka baza labari cewa Ihsan ta yi aure, mijin ya hana ta waƙa. Wata huɗu Muslim yana tafiya kamar wanda aka sauke wa buhu daga ka. A cikin watannin ne aka sa ranarsa da Hadiza, 'yar wani maƙwabcinsu, yarinya mai hankali wadda ba ta taɓa tambayarsa ko ɗankwali ba. Abu ɗaya ta roƙa. Ta ce tunda abokinsa ne mai situdiyo, a je a ba mijin Ihsan haƙuri, ta yi mata waƙar biki ko baiti biyu ne.

Ya zo ya faɗa mini yana kallon ƙasa. Na ce, "Ka ce mata mijin ya ƙi mana."

Ya ce, "Ba ka ga fuskarta ba lokacin da take roƙon."

Haka ango ya shiga ɗakin ɗauka ya yi wa kansa waƙa, yana yabon amarya, yana ce wa ango ya riƙe amana. Ranar kamu mata suka yi ta rawa da ita. Kafin mako ya zagayo amare biyar sun turo, tunda ai mijin ya sassauta. Tsugune ba ta ƙare ba. Da Hadiza ta haihu kuma aka sami mace, ba sai na faɗa muku sunan da ta zaɓa ba. Yau duk unguwar Abban Ihsan suke kiransa.

Bana wasu ɗaliban kwalejin suka sake ɗaukar bidiyon Hanyar Chinade da wayoyinsu, ya bazu a intanet, tsohuwar waƙa ta dawo sabuwa. Suka zo neman tsofaffin Zaratan Katagum don su yi hira. Sun yi awa guda da Baha, wanda yanzu ya yi tumbi yana sayar da taya. Da suka zo kan Muslim, wata yarinya ta duba takardarta ta ce, "Malam, kai ne mai tafin nan na baya ko? Yaya Ihsan take a zahiri?" Ya ce mata mutuniyar kirki ce, ba ta son hayaniya.

Da suka fita Muslim ya juyo wurina ya ce, "Najmu, ban ce duniya ta sani ba. Mutum ɗaya nake so ya san ni kafin in mutu. Ka sa asalin muryar a wayarka, wadda ba ka ja ba. Ranar Asabar ka zo gida ka zama shaida."

Na je bayan la'asar. Hadiza tana tsakar gida tana tsince shinkafa a faranti, 'yarsu tana barci a tabarma kusa da ita. Muka gaisa, ta kawo ruwa. Muslim ya zauna a bakin dakali yana murza hularsa.

"Hadiza, akwai maganar da na daɗe ina riƙe da ita. Ihsan ɗin nan mai waƙa, babu ita. Ni ne."

Ta ɗago ta dube shi, ta dube ni, sai ta fashe da dariya har farantin ya karkace. "Malam Najmu, me ka ba abokinka ya sha?"

Bai yi dariya ba. Ya gyara zama, ya rufe ido, ya rera mata baitin Chinade da muryarsa. Shekara goma sha ɗaya ina ɗaukarsa, ban taɓa jin ya rera shi kamar na ranar ba. Na sa hannu a aljihu na kama wayar.

Ta ɗaga masa hannu tun bai kai ƙarshe ba. "Haba Abban Ihsan, bar wa baiwar Allah waƙarta, kana ɓata ta." Ta ci gaba da tsintarta, muryarta ta yi ƙasa. "Kar ka yi mini wasa da ita. Lokacin da na yi ɓari, kana makaranta, ni kaɗai a ɗaki, ita nake kunnawa in ji kamar 'yar'uwata ce zaune a gefena. Wannan muryar ta macen da ta taɓa jiran wani ce. Namiji ina ya san jira?"

Na ciro wayar rabi. Muslim ya dube ni ya girgiza kai a hankali. Na mai da ita, kuma ba zan ɓoye muku ba, daɗi na ji da na mai da ita, abin da nake jin kunyarsa har yanzu.

Ya ce mata, "Wasa nake yi."

Ta ce, "Na sani mana. Ku jira shinkafar ta nuna."

Ban tsaya ba. Ya rako ni har zaure, ya tsaya yana gyara hularsa a kai. Sannan ya ce mini:

"Amaryar sati mai zuwa, wane suna ka ce za a sa mata a waƙar?"