Anti Mai Kati, Wa Zai Neme Mu Yanzu?

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Asabar, sha huɗu ga watan Yuni, Allah Ya karɓi ranki, Anti Mai Kati. Ni ban ji ba sai ranar Talata, da na je asibitinmu na masu neman rabuwa da shaye-shaye, na tarar da sabon ma'aikaci a kujerarki yana kiran mutane da cikakken sunansu, da ƙarfi kamar mai kiran fasinja.

Ke ba ki taɓa kiran sunan kowa ba, sai dai ki ɗaga kati ki kalli mai shi. Kin san waɗanda ke zama a bencin nan. Akwai direban da ya fara shan ƙwaya don ya kori barci, da tsohon ɗan sandan da kullum ke cewa rakiya ya yo, alhali shi kaɗai yake zuwa. Akwai kuma ni, malamar makaranta, uwar 'ya'ya uku, da maganin tari ya ci mini shekara huɗu, maigidana bai sani ba. Ba a kwantar da mu. Mu karɓi magani, mu fita, mu bi ta gaban shagon da ke sayar mana da abin.

Duk wanda ya tsallake ranarsa, sai kin neme shi. Na taɓa tsallake Talata biyu, na ma sayo kwalba na ɓoye a bayan tukwane. Wayata ta yi ƙara, maigida ya ɗauka. Na matso kusa na kasa kunne. Sai na ji muryarki: "Tela ce, Alhaji. A ce wa Hajiya ɗinkinta na jiranta, kada ta bari ya lalace." Da na zo kika harare ni, kika ce, "Ƙanwata, ni ko maɓalli ban iya ɗaurawa ba, kin sa ni ƙarya da girmana."

Wata bakwai ke nan ban kurɓa ba. Amma Talatar nan da aka kira sunana, ban amsa ba, na fice. Na tsaya ƙofar shagon har mai shi ya gane ni ya yi murmushi. Tsoro nake ji, Anti, domin babu mai nemana yanzu in na ɓace.

Shi ya sa jiya na faɗa wa maigidana komai. Ya tashi ya fita. Da safe yana sa takalmi, bai ko kalle ni ba, ya ce, "Ƙarfe nawa ake zuwa ranar Talatar?"

Allah Ya jiƙan ki, Ya rufa miki asiri kamar yadda kika rufa mana, Ya sa Aljanna ce makomarki. Ga 'ya'yanki da 'yan'uwanki, Allah Ya ba ku haƙuri. Ku yafe mana rashin zuwa gaisuwa. Da yawanmu ba za mu iya faɗin inda muka san ta ba.