Gwajin da Liatu Ta Ƙi Gogewa

Liatu Zakka ba ta da sauri a aiki, kuma ban taɓa jin ta ba wa kowa haƙuri a kan haka ba. Shekara uku muka yi tebur ɗaya da ita a kamfanin Malam Ladan, in dai za a kira ɗaki biyu a saman shagon tayoyi kamfani. Manhajoji muke gina wa makarantu da ƙananan asibitoci. Ni Bappa na fi son ɓangaren da ido ke gani, launi da maɓallai, abin da za a kalla a ce sannu da ƙoƙari. Ita kuwa aikinta na can baya ne, a kan saba, wato kwamfutar da ke karɓar bayanai tana adanawa, wadda ba mai tunawa da ita sai ranar da ta tsaya.

'Yar Bogoro ce. Ta shigo Bauchi da takardar sakandare kawai, ta samu aikin buga wa ɗalibai takardu a Yelwa. Wani malamin jami'a ya lura tana kama masa kurakuran da shi bai gani ba, ya ba ta tsohuwar kwamfutarsa, da ita ta koyi rubuta manhaja tsakanin wannan kwastoma da wancan. Lokacin da na san ta, ta riga ta ɗauko mahaifiyarta daga gida saboda ciwon ƙafa, suna zaune ɗaki guda a Yelwa. Aikin nan na wurin Malam Ladan shi kaɗai ke riƙe da su biyun.

Tsarinta ya sha ba ni haushi. Kafin ta rubuta abin da aka sa ta, sai ta fara rubuta gwajinsa, wani ɗan ƙaramin shiri da zai riƙa tambayar manhajar: in an ba ki kaza, me za ki yi? Duk wanda ya taɓa manhajar, gwaje-gwajen nan za su tashi da kansu. In komai lafiya allo ya nuna kore, in an ɓata wani abu ya nuna ja. Ba ta yarda a yi gwaji a sabar da mutane ke amfani da ita, akwai ta gwaji daban mai cike da sunayen ƙarya. Ranar Juma'a kuwa ko za ka yi kuka ba za ta saki sabon abu ba.

"Kai za ka tafi masallaci, ni jibi ina coci," in ji ta. "In ya lalace wa zai zauna da shi?"

Har suna na sa mata, Hajiya Sai-an-gwada. Takan yi dariya ta ce ita ko Gombe ba ta taɓa wucewa ba, balle Makka.

A bara muka samu aiki mafi girma da muka taɓa samu. Wani asibitin haihuwa a Ƙofar Wambai yana so ya bar katin takarda ya koma kwamfuta. Ana tsakiyar aikin aka kwantar da mahaifiyar Liatu, ta yi mako uku ba ta zo ba, sai ɓangaren rajistar marasa lafiya ya faɗo kaina. Na zauna na yi wata dabara da ta burge ni ƙwarai. Don kada a yi wa mutum ɗaya rajista sau biyu, na ce in suna da ranar haihuwa da lambar waya suka zo ɗaya, to mutum ɗaya ne, a haɗe katinsu. Ban rubuta masa gwaji ba. Wa ke da lokaci?

Ta dawo ranar Laraba, ga shi Litinin za mu miƙa aiki. Maimakon ta zauna ta taya mu, Alhamis da safe sai ta hau keke napep ta tafi asibitin, ta yini a ɗakin kati wurin Sista Agnes, wadda ta shekara goma sha tara tana jera katunan nan. Haka take yi wa kowane aiki. Ta ce sunayen da ke cikin darussan intanet ba sa zuwa asibiti a Bauchi.

Da ta dawo ta rubuta gwaji guda ɗaya. Ta ƙirƙiro mata biyu masu suna ɗaya, ranar haihuwa ɗaya, lamba ɗaya, ta tura su. Allo ya yi ja. Manhajar ta mayar da su mace guda.

Malam Ladan ya leƙo ya ce, "Haba Liatu, wannan ai neman magana ne. Ina za a samu haka?"

"Oga, rabin matan da ke cikin katunan nan ɗaya ga Janairu aka haife su," ta ce. "Duk wadda ba ta san ranarta ba, ita ake rubuta mata. Lamba kuma, matan layi guda ta Jalo mai kemis suke bayarwa, don shi ne wayarsa ba ta mutuwa. Suna kuwa, sunan miji suke ɗorawa. A'i nawa ke auren Bashir a cikin ganuwar nan?"

Ta ce gyaran shi ne saba ta ba kowace mace lambarta ta kanta, in aka samu masu kama kuma ta nuna wa ma'aikaciya duka ta zaɓa. Amma komai na manhajar a kan dabarata ya jingina, don haka sai mako biyu.

Malam Ladan ba mugu ba ne, in faɗi gaskiya. Sau biyu ya riga ya ɗage ranar, kuma ya rantse wa mai asibitin ba za a yi na uku ba. Ya ce ta goge gwajin, a miƙa aiki, a gyara daga baya a hankali. Ta ce in katin mutum biyu ya riga ya cakuɗe, ba wanda zai iya tantance jinin wace ce wannan, allurar wace ce waccan. Ya ce to ya ji, amma ranar Litinin ta rufe bakinta, in ba haka ba kada ta zarge shi. Duk mun gane abin da yake nufi.

Ranar Litinin na yi bajinta. Na nuna launi, na danna maɓallai, komai na tafiya sumul. Mai asibitin, Likita Zakiyya, dattijuwa ce mai kallon mutum ta saman tabarau. Ta gama saurare, sai ta juya wurin wadda ke rakuɓe a bakin ƙofa.

"Ke fa 'yata, ba ki ce komai ba. In zuba matana a ciki?"

Na ga Liatu ta ɗago kai. Ta dubi Malam Ladan, ta dubi ƙasa.

"A'a, Mama. Ki ba mu mako biyu."

Ta yi bayani a taƙaice. Likita ta tambayi wanda ya tsara shi haka, Liatu ta ce aikinmu ne mu duka. Ina tsaye a wurin da baki a fuskata, ban ce uffan ba. Har yau in na tuna sai kunya ta rufe ni.

Ta yi mako biyun nan cur, allo ya koma kore, asibiti ya karɓi aiki. Ƙarshen wata Malam Ladan ya kira ta ya ce ba zai iya zama da wanda zai kunyata shi gaban mutane ba. Ba ta yi musu ba. Ta kwana biyu tana rubuta mini yadda ake kula da sabar, da yadda ake ajiye kwafin bayanai kullum, da yadda ake gwada cewa kwafin yana buɗuwa. Sannan ta naɗe wayar cajinta ta sauka.

Bayan wata huɗu na je asibitin duba wata na'ura. Ina durƙushe a bayan tebur na ji Sista Agnes ta ɗaga murya: "A'i Bashir!" Mata biyu suka miƙe daga benci, kowace da tsohon ciki. Na ɗago na dubi allon. Layi biyu ne, duka ɗaya ga Janairu, duka lambar Jalo mai kemis. A jikin na ƙasan akwai jan rubutu cewa akwai allurar da jikinta ba ya ɗauka, ta taɓa sumar da ita. Sista Agnes ta tambayi sunan mahaifin kowace, ta danna layin sama, ta ce ɗayar ta ɗan jira. Ba wanda ya san an yi wani abu.

Na miƙe. Na fita waje na kira Liatu. Tana cikin keke, ta ce za ta kai takardunta wani wuri da aka ce ana ɗaukar ma'aikata, na biyar ke nan. Na ba ta labari, ta ce, "Mun gode wa Allah."

"Liatu, ni na rubuta abin nan," na ce. "Ni ne."

"Na sani mana, Bappa. Kowane layi da sunan wanda ya rubuta shi a gefe."

"To don me ba ki faɗa ba?"

"Da na faɗa, mu biyu Oga zai kora. Wa zai zauna da matan nan?"

Na ji tana ce wa mai keke ya tsaya a nan, ta ce in gaida Sista Agnes, ta kashe wayar.